Farfesa Jamilur Reza Choudhury, injiniyan da ya yi gini a kan yashi da ruwa

Tambayar farko da mai aikin gada yake yi idan ya isa bakin kogi ita ce: a zurfin nawa za a tarar da dutse? A tsakiyar Bangladesh wannan tambaya ba ta da amsa mai daɗi. Manyan koguna uku, Ganges da Brahmaputra da Meghna, sun shafe dubban shekaru suna kwaso yashi da laka daga duwatsun Himalaya suna jibgewa, har ƙasar kanta ta zama tulin abin da ruwa ya ajiye. A ƙarƙashin waɗannan koguna sai a haƙa ɗaruruwan mitoci ba a taɓa dutse ba. A irin wannan ƙasa Farfesa Jamilur Reza Choudhury ya yi aikinsa na shekara 57, kuma shaidar da masu sana'ar gini za su iya bayarwa a kansa ita ce: ya zama mutumin da ƙasarsa take miƙa wa lissafin da baƙi suka kawo, ya duba, ya ce a ci gaba ko a dakata.

An haife shi ranar 15 ga Nuwamba 1943 a Sylhet, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Mahaifinsa ma injiniyan gine-gine ne. Ya yi sakandare a makarantar St Gregory da ke Dhaka, ya wuce Kwalejin Dhaka, sannan ya shiga kwalejin injiniya ta Ahsanullah. Yana cikin karatu aka mayar da ita jami'a a 1962, ita ce wadda bayan samun 'yancin kai a 1971 ake kira BUET. A 1963 ya fita da daraja ta ɗaya, kuma a shekarar aka riƙe shi ya koyar. Daga wannan makaranta ne Fazlur Rahman Khan, wanda ya tsara ƙashin dogon benen Sears na Chicago, ya fito fiye da shekara 10 kafin shi. Khan ya yi zamansa a Amurka. Choudhury ya je Ingila, ya gama, ya komo gida.

A Jami'ar Southampton ya yi digiri na biyu a 1965, ya kammala digirin digirgir a 1968. Abin da ya yi bincike a kai shi ne bangon kankare da ke tokare dogon bene, kuma ya kamata a ɗan tsaya a nan, domin da wannan aiki, wanda ya yi tun bai kai shekara 25 ba, sunansa ya shiga littattafan koyarwa.

Bene mai hawa 20 ba nauyinsa kaɗai ne damuwa ba. Iska tana tura shi ta gefe, girgizar ƙasa tana jijjiga shi. Maganin da aka saba shi ne a zuba bangon kankare mai rodi tun daga fandisho har rufi, galibi a kewayen lifta da matattakala. To amma bango sai an huda masa ƙofa da taga. Idan ƙofofin suka jeru ɗaya bisa ɗaya a kowane hawa, bangon ya zama biyu ke nan, ba abin da ya haɗa su sai 'yar lintar da ke saman kowace ƙofa. Nan tambaya take: bango biyu ne kowa yana aikinsa, ko ɗaya ne mai faɗi?

Bambancin ba ƙarami ba ne. A ɗauki bango biyu, kowanne faɗinsa mita 5, kaurinsa santimita 20, da ƙofa mai mita 2 a tsakani. Idan lintocin suka haɗa su sosai har suka yi aiki tare, ƙarfin da suke da shi na ƙin lanƙwasa ya kusa ninka na bangayen da ba a haɗa ba sau 7. Gaskiyar gini tana tsakanin waɗannan iyakoki biyu, kuma wurin da take ya danganta da kaurin linta, da faɗin ƙofa, da tsayin benen. Wanda ya ɗauka bangayen a rabe suke zai zuba rodi da siminti fiye da kima, kuma zai manta cewa ɗaya bangon yana jan fandisho sama yayin da ɗayan yake danna shi ƙasa. Wanda ya ɗauka a haɗe suke gaba ɗaya zai bar lintocin da rauni. Girgizar ƙasar Alaska ta 1964 ta nuna sakamakon: a wasu dogayen benaye na birnin Anchorage, waɗannan gajerun lintocin da ke tsakanin tagogi sun tsattsage a gicciye, hawa bayan hawa.

Wasu masana sun riga sun kawo dabarar a daina ƙirga lintoci ɗaya bayan ɗaya, a ɗauke su tamkar shimfiɗa guda mai ci gaba daga ƙasa har sama, yadda lissafin zai koma ma'auni ɗaya da za a iya warwarewa. Abin da Choudhury da malaminsa Alexander Coull suka yi a maƙalu biyu da mujallar cibiyar kankare ta Amurka ta buga a 1967 shi ne mayar da wannan lissafi zuwa zanen layuka da injiniya zai buɗe a kan tebur. Ka fitar da lamba ɗaya da ke auna ƙarfin haɗin, ka duba zanen, ka karanta kashi nawa cikin ɗari na turin iska bangayen za su ɗauka a haɗe, kashi nawa a rabe, ka ga kuma lintar da ta fi shan wahala. Ba ta ƙasa ba ce kuma ba ta sama ba, galibi tana wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tsayin ginin. A zamanin da kwamfuta take cika ɗaki guda kuma ofisoshi ƙalilan ne suke da ita, wannan ya rage aikin makonni zuwa na wuni. Yau manhaja ce take yin lissafin, amma injiniya mai hankali har yanzu yana gwada amsar da ta bayar da irin wannan hanya ta hannu, saboda manhaja ba ta gaya wa mutum cewa ya shigar da kaurin linta ba daidai ba.

Ya komo Dhaka a 1968, ya zama cikakken farfesa a 1976. Ya riƙe shugabancin sashen injiniyan gine-gine, ya riƙe tsangaya, ya kuma shugabanci cibiyar kwamfuta ta jami'ar kimanin shekara 10. Wannan aiki na ƙarshe ne ya ja shi wani fage da ba a zata ba. A 1997 gwamnati ta ɗora shi kan kwamitin duba yadda ƙasar za ta fara sayar da manhaja a ƙetare. Rahoton ya zo da shawarwari 45, kuma a kasafin 1998 aka cire harajin shigo da kwamfuta. A 1996 kuma, cikin gwamnatin riƙon ƙwarya ta Mai shari'a Muhammad Habibur Rahman wadda ta shirya zaɓen 12 ga Yuni, an ba shi kula da ma'aikatun makamashi da ma'adinai da albarkatun ruwa. Wata uku ya yi, aka miƙa mulki, ya koma aji.

Aikin da ya fi ceton rai a cikin duk ayyukansa ba shi da kyan hoto. A Nuwamban 1970 guguwar teku ta hallaka mutum 300,000 ko fiye a gaɓar ƙasar. Ranar 29 ga Afrilu 1991 wata ta faɗa wa yankin Chittagong da dare, ta turo ruwan teku mai tsayin kusan mita 6, ta kashe kimanin 138,000. Ba iska ce ke kashe yawancin mutane ba, ruwan ne. Bayan wannan aka ɗora wa BUET tare da cibiyar nazarin ci gaba ta ƙasar aikin tsara mafaka ga dukan gaɓar teku, shi ne jagoran tawagar, suka miƙa tsarin a 1993 da shawarar a gina sababbin mafaka kimanin 2,500.

Sun fara da taswira: ina ruwan teku yake kaiwa, kuma ina zurfinsa yake wuce mita 1, wato inda babba ma ba ya iya tsayawa a cikin igiya. Sai ƙirgar mutanen da ke zaune a wurin, sai cire waɗanda za su iya fakewa a gine-ginen kankare da ake da su. Siffar ginin kanta mai sauƙi ce. Hawan ƙasa a buɗe yake, ginshiƙai kawai, don ruwa ya ratsa ya wuce maimakon ya tunkuɗe bango. Mutane suna hawa na sama. Ƙa'idar gini ta ƙasar ta sa a yi lissafin iskar gaɓar teku a kan kilomita 260 a awa, wanda yake daidai da turi na kusan kilo 320 a kan kowace murabba'in mita ta bango, kafin a ƙara abin da siffar gini da tsayinsa suke jawowa. Shi ya sa rufin ginin na kankare ne, ba kwano ba.

Amma darasin da suka ɗauka daga mafakar da aka gina bayan 1970 ba na lissafi ba ne. Ginin da ba a shiga sai shekara-shekara lalacewa yake yi: a sace ƙofofi, rijiyar burtsatse ta mutu, ba wanda ya san inda mabuɗi yake. Don haka suka ce kowace mafaka ta zama makarantar firamare ko asibitin ƙauye ko ofis a sauran kwanaki. Sun kuma lura da dalilan da ke hana mutane zuwa ko da an yi shela. Manomi ba ya barin shanunsa, sai aka haɗa da tudun ƙasa da ake tarawa kusa da mafaka don dabbobi. Mata ba sa son cunkoso da maza a ɗaki ɗaya, sai a ware ɗakuna da banɗaki. Tafiya mai nisa cikin iska da taɓo da yara a hannu ba ta yiwuwa, sai a kusanto da mafakar a kuma ɗaga hanyar zuwa. Babban abokin gabar irin wannan gini kuwa gishiri ne. Idan ɗan kwangila ya kwaɓa kankare da ruwan zartsi ko yashin bakin teku, ko ya bar rodi dab da fata maimakon ya lulluɓe shi da kankare mai kaurin santimita 5 ko fiye, tsatsa tana kama rodin, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Cikin shekara 15 sai a ga ginshiƙi yana zubar da ɓawo. Guguwar Sidr ta 2007, mai ƙarfi ƙwarai, ta kashe mutum sama da 3,000. Adadi ne mai ciwo, amma a gwada shi da na 1991. Ba mafaka kaɗai ce ta kawo wannan ba, akwai hasashen yanayi da dubban 'yan sa-kai masu yawo da lasifika, sai dai shela ba ta da amfani idan babu inda za a gudu.

Yana cikin waɗanda suka tsara ƙa'idar gini ta ƙasa ta 1993, ya kuma jagoranci ƙungiyar masana girgizar ƙasa. A nan ne ba za a ce an yi nasara ba. Sai a 2006 ƙa'idar ta zama doka mai tilas, kuma ko bayan nan masu duba gini ba su kai yawan gine-ginen ba. Ranar 24 ga Afrilu 2013 benen Rana Plaza mai hawa 8 ya rufta a Savar da ke kusa da Dhaka, mutum 1,134 suka mutu. An ƙara masa hawa ba da izini ba, an ɗora manyan janareto da injinan ɗinki a ginin da aka tsara don shaguna da ofisoshi, an ga tsagewa a ginshiƙai kwana ɗaya kafin nan, aka ce ma'aikata su koma. Babu abu ɗaya cikin waɗannan da littafin ƙa'ida bai hana ba.

Sai gadoji. Kogin Jamuna, wato sunan Brahmaputra a cikin Bangladesh, ya raba ƙasar gida biyu. Da damina faɗinsa yana wuce kilomita 10, kuma ba ya zama wuri ɗaya: tsibiran yashi suna fitowa suna ɓacewa, gaɓa tana iya ja da baya ɗaruruwan mitoci a shekara guda. Choudhury yana cikin jagororin kwamitin ƙwararru da ke ba gwamnati shawara kan gadar da aka buɗe ranar 23 ga Yuni 1998. Tsayinta kilomita 4.8, ƙasa da rabin faɗin kogin. Yadda aka yi shi ne an matse kogin da jinga biyu masu lanƙwasa, kowacce kimanin kilomita 3, don a tilasta masa bi ta ƙarƙashin gadar. Idan jinga ɗaya ta karye, kogin zai zagaya ta bayan gadar ya bar ta tsaye a kan busasshen yashi.

Ana gina irin wannan jinga ne da rani. A yashe rami mai zurfi a siffar gangare, a shimfiɗa masa tabarmar zaren roba da aka ɗaure a jikin gora, a nutsar da ita da duwatsu, sannan a gindin gangaren a tara tulin dutse da gangan. Idan ambaliya ta kwarzane yashin da ke gabansa, tulin sai ya gangara da kansa ya lulluɓe sabon ramin. A jingar yamma an gamu da abin da ba a shirya masa ba. Ana cikin yasa sai gangaren ya riƙa narkewa yana malala cikin ramin, sau da yawa, a wurin da lissafi ya ce zai tsaya. Bincike ya gano cewa yashin sabo ne, bai danƙare ba, kuma yana ɗauke da ɓarɓashin ma'adinin maika mai sheƙi. Waɗannan 'yan falle-falle suna shiga tsakanin ƙwayoyin yashi su hana su cizon juna, sai ƙaramin motsi ya sa ruwan da ke ciki ya ɗauke nauyin, ƙasa ta koma kunu. Dole aka kwantar da gangaren, daga mita 1 na zurfi a kowace mita 3 da rabi zuwa 1 a cikin 5 ko 6, aka kuma rage saurin yasa. Kuɗi ya ƙaru, amma injiniyoyin ƙasar sun koyi halin yashinsu. Gadar ma ba ta fita ba tabo ba: a 2006 aka ga tsage-tsage a shimfiɗarta ta sama da motoci ke bi, aka rage gudun jirgin ƙasa, daga baya aka manna mata ƙyallayen zaren kabon don ƙarfafawa.

A 2001 ya bar BUET ya zama shugaban farko na Jami'ar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa, ya riƙe ta har 2010. Jami'o'i masu zaman kansu sababbi ne a ƙasar a lokacin, dokarsu ta 1992 ce, kuma da yawansu hawa biyu ne na haya a saman kanti, da malaman aro da ke zuwa da yamma. Aikin shugaba a irin wannan yanayi ba shi da armashi: neman malamai na dindindin, kafa ɗakunan gwaji, tsayawa a kan jarrabawar shiga alhali kuɗin makaranta ne ke biyan albashi, kowane ɗalibin da aka mayar kuma asara ce a littafin akanta. A zamaninsa aka buɗe makarantar kiwon lafiyar al'umma ta James P. Grant a 2004, aka kuma kafa tsarin da ɗalibai suke yin zango guda a kwana a Savar, nesa da gidajen iyayensu, suna karanta tarihin ƙasarsu da ɗa'a da Turanci. Daga 2012 har rasuwarsa ya shugabanci Jami'ar Asia Pacific, wadda a lokacinsa ta tare a mazauninta na dindindin a titin Green Road, abin da dokar 2010 ta wajabta wa kowace jami'a mai zaman kanta. Ya kuma shugabanci kwamitin gasar lissafi ta 'yan makaranta tun 2003. Ƙasar ta fara zuwa gasar duniya a 2005, ta ciyo zinare na farko a 2018.

Gadar Padma ita ce jarrabawa mafi girma. Padma shi ne Ganges da Jamuna bayan sun haɗe, kuma a babbar ambaliya ruwan da ke wucewa yana kaiwa kimanin kubik mita 150,000 a kowace daƙiƙa. Choudhury ne shugaban kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa, 'yan gida da baƙi, wanda duk wani babban canji a zane sai ya bi ta gabansa. Kafin a kafa ko turke ɗaya, a Yunin 2012 Bankin Duniya ya soke bashin dala biliyan 1.2 bisa zargin shirin cin hanci da ya shafi wani kamfanin Kanada. Sauran masu ba da bashi suka janye. Gwamnati ta ce za ta gina da kuɗinta, kuma a 2017 wata kotu a Kanada ta sallami waɗanda aka gurfanar. Abin da mutanen waje ba su cika lura da shi ba shi ne, idan bankuna suka tafi, masu sa ido nasu ma sun tafi. Nauyin cewa wannan zane ya yi ko bai yi ba sai ya dawo kacokan kan kwamitin.

Gadar tana da tsayin kilomita 6.15, zango 41, wato sashen da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, kowanne mita 150, ginshiƙai 42, motoci a sama layi 4, jirgin ƙasa a ƙasa. Matsalar tana ƙarƙashin ruwa. Lissafi ya nuna cewa a mummunar ambaliya kogin zai iya kwashe yashin gindinsa har zurfin kusan mita 60. Ke nan turken da aka kafa yau yana binne, wata rana rabinsa na sama zai tsaya tsirara a cikin igiya, kuma rabin ƙasa ne kaɗai zai ɗauki nauyin gada, da turin ruwa, da karon jirgi, da girgizar ƙasa. Saboda haka aka zaɓi bututun ƙarfe mai faɗin mita 3, kaurin jikinsa kusan santimita 6, mafi tsawo ya haura mita 120. Ba a tsaye cak ake kafa su ba, a karkace ne, mita 1 gefe a kowace mita 6 ta zurfi, guda 6 a kowane ginshiƙi, sun buɗe ƙasa sun haɗe sama, kamar yadda ɗan kokawa ke ware ƙafafu kada a ture shi. Ana kafa kashin farko, a ɗora na biyu a yi walda a kan ruwa, a duba waldar da na'ura, a ci gaba da bugu. Gudumar da ta fi girma an ƙero ta ne a Jamus, ƙarfin bugunta kilojul 3,500.

Turken da ba shi da dutsen da zai taka yana riƙe kaya ta hanya biyu: cizon yashi a jikinsa, da tokarar ƙasa a bakinsa na ƙasa. Lokacin zane ba a yi haƙan gwajin ƙasa a gurbin kowane ginshiƙi ba, saboda zurfin ruwa da ƙarfin igiya a tsakiyar kogi. Da aka fara aiki aka haƙa kowane gurbi, sai aka tarar da shimfiɗar laka mai taushi daidai inda bakin turakun zai tsaya, a ƙarƙashin ginshiƙai 22. Laka ba ta tokare kaya kamar yashi mai ƙarfi, kuma tana ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. Gadar jirgin ƙasa ba ta yafe lotsawa.

Hanyoyin fita duk suna da tsada. A ƙara tsawo a huda lakar a wuce? Guduma ta riga ta kai iyakar ƙarfinta, bututun ma yana iya lanƙwashewa a baki. A bar zanen yadda yake a yi fatan alheri? Ɗan kwangila yana jira, manyan injina na haya suna cin kuɗi kullum, jaridu suna ƙirga watanni, gwamnati ta riga ta yi wa jama'a alkawarin rana. Kwamitin bai sa hannu ba sai da aka sake gwaje-gwajen ɗora kaya aka kuma sake zane, abin da ya ci fiye da shekara. Matsayar da aka cim ma ita ce a rage tsawon turakun su tsaya a cikin yashi mai ƙarfi sama da lakar, a ƙara na 7 a tsakiya a tsaye don ya raba nauyin. A wasu gurabun aka ƙara wata dabara: a yi waldar ƙananan magudanai a bayan bututun tun kafin a kafa shi, bayan ya shiga sai a tura ruwan siminti mai laushin gaske ta cikinsu da matsi, ya ratsa yashin da ke kewaye ya ƙara masa riƙo. Siminti na yau da kullum ba ya wannan aiki, ƙwayarsa ta yi girma, toshewa take yi a baki. Haka aka kare da turakun ƙarfe 262 a cikin kogi: ginshiƙai 18 masu 6, da 22 masu 7. An buga na ƙarshe a tsakiyar 2019.

A ra'ayinmu wannan jinkiri shi ne aiki mafi daraja da ya yi a gadar. Tsagewar shimfiɗar sama ana ganinta a gyara. Ginshiƙin da ya lotsa a zurfin mita 100 ba shi da magani. Kuma da wuya baƙon mashawarci, komai iliminsa, ya iya tsayawa gaban hukuma ya ce a jira shekara guda a saurare shi. Sai wanda ministoci da manyan injiniyoyin ma'aikatu suka san shi, da yawansu ma ɗalibansa ne, kuma ba a taɓa jin yana da hannu a kwangila ba.

Sauran sassan ma ba wasa ba ne. Tsakanin kowane ginshiƙi da gangar gadar akwai matashin ƙarfe mai ƙwarya, wanda idan ƙasa ta girgiza yake barin gadar ta zame kaɗan ta dawo gurbinta, mafi girmansu yana ɗaukar tan 10,000. Kowane zango na sarƙaƙƙen ƙarfe yana da nauyin kimanin tan 3,200, ana ɗauko shi ɗungurungum da injin ɗaga kaya mai iyo a kan ruwa. An ɗora na farko ranar 30 ga Satumba 2017. An kuma ɗaure gaɓar kogin na kusan kilomita 14 da duwatsu da bulon kankare da buhunan yashi masu nauyin kilo 800, mafi yawa a ɓangaren Janjira, wato gaɓar kudu.

Ƙasarsa ta ba shi lambar Ekushey Padak, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabonta, a 2017, ta naɗa shi farfesan ƙasa a 2018, Japan ta karrama shi a wannan shekarar, Jami'ar Manchester kuma ta riga ta ba shi digirin girmamawa a 2010. Ya rasu sakamakon bugun zuciya da asubahin 28 ga Afrilu 2020 a Dhaka, cikin azumin Ramadan, yana da shekara 76. Lokacin kullen korona ne, don haka mutane ƙalilan suka samu halartar jana'izar, aka binne shi a maƙabartar Banani. Allah ya jiƙansa da rahama.

An ɗora kusan kashi biyu cikin uku na zangunan a lokacin. Farfesa Shamim Bosunia, wanda shi ma daga BUET yake, ya karɓi shugabancin kwamitin. A ƙarshen Yulin wannan shekarar kogin ya cinye wani sashe na filin ajiyar kayan aiki a ɓangaren Mawa, wato gaɓar arewa, ya tafi da falankan kankare na hanya da ƙarafunan layin dogo, sai da aka sake ƙera wasu. An ɗora zango na 41 ranar 10 ga Disamba 2020, aka ƙaddamar da gadar ranar 25 ga Yuni 2022, jirgin ƙasa ya fara bi a 2023. Ƙetarawar da a da take cin awa biyu a jirgin fito, ban da layin da manyan motoci kan kwana a ciki, yanzu ba ta kai minti 10 ba ga mutanen gundumomi 21 na kudu maso yamma.